An Ba da Yarinya Saboda Zare

Zuwa ga Uwargida Shugabar makarantar ƙananan yara da ke bayan kasuwar Sabon Gari, wadda yara da iyayensu ke kira Madam, tare da dattawan kwamitin da ke taya ta riƙon makarantar.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki da yaran da ke hannunki. Allah ya sa haka, amin.

Bayan gaisuwa, ni ne Bukar Tela, mai shagon ɗinki a Fagge. Kakana ne ya taso daga Barno ya zauna a Kano, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Ban taɓa kai ƙarar kowa gaban alƙali ba, ban taɓa rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba. Yau ga ni ina rubuta miki takarda a fili, na kuma aika da irinta a buga, domin abin da ya faru ranar Laraba, mako biyu ke nan, ya fi ƙarfin a yi maganarsa a bakin ƙofa. Wallahi har yanzu in na tuna, sai in tsayar da keken ɗinki in riƙe kai.

Yarinyar da Gwaggo Yagana, ƙanwar mahaifina, take kawo muku kowace safiya daga gidanmu take. Shekarunta huɗu. Kin san Gwaggo, tsohuwar nan mai ɗingishi da ba ta wuce ki ba ta gaishe ki ba. Ni kuwa ba ki san ni ba, don ban taɓa taka makarantarki ba sai ranar.

Bari in fara da abin da ba na musu a kansa. Ba wanda ya tilasta mini kawo yarinyar nan. Ni na nace. Yayana Modu, wanda shi ne babba a gidanmu, ya ce ba a taɓa fitar da 'ya mace daga gidan nan zuwa boko ba, balle Sabon Gari, balle tana wannan ƙanƙanta. Wata uku muna ja da shi. Ni da gemuna na zauna a ajin yaƙi da jahilci ina a, ba, ca, na san zafin abin. Na kuma ga yadda mai ɗakina ta sha wuya a haihuwarta ta biyu, har muka rasa jaririn, saboda babu macen da ta san aikin asibiti da za ta shigo mata cikin gida. Tun ranar na ƙudurta a raina yarinyar nan za ta yi karatu tun da wuri, ko Allah zai sa ta zama irin wannan macen. Kuma cikin wata bakwai da ta yi a hannunku ta iya ƙirga har ashirin, ba ta sa hannu a kwano sai ta wanke. Wannan aikinku ne, na gode.

To, ga abin da ya faru. Zan jera shi yadda ya auku, in na yi ƙari a ƙaryata ni a fili.

Na ɗaya. A makarantarki babu littafin sunayen yara a bakin ƙofa. Ban san haka ba sai ranar. Ashe kowane yaro yana da moɗar shan kunu, an ɗaura mata zare a mariƙi, an yanki guntun zaren an ba mutanen gidansu. Wanda ya zo ɗaukar yaro sai ya nuna guntun zarensa, Inna Talatu mai tsaron ƙofa ta duba cikin yaran, wanda ke riƙe da moɗa mai irin zaren ta miƙa shi. Shi ke nan aikin. An ce mini an yi haka ne don Inna Talatu ba ta karatu. Uwargida, ni tela ne, da zare nake cin abinci. Launin zare nawa ne a kasuwar Kano duka? Wanne ne ba ya koɗewa in ya sha wanki da rana? Kuma wane ne bai san yara 'yan shekara huɗu suna musayar duk abin da ke hannunsu ba? Zaren gidanmu ja ne. Ashe wata bakwai rayuwar yarinyar nan tana rataye a jikin abin da nake tsinkewa da haƙori sau ɗari a yini.

Na biyu. Ranar Larabar, Gwaggo ta kai ta da safe lafiya, ta dawo ƙafar ta kumbura, ta kasa tashi. Mai ɗakina ba ta fita. Da lokacin tashi ya yi, gab da azahar, Gwaggo ta kwance guntun jan zaren daga bakin zanenta ta aiko mini shago. Na hau keke na zo. Na yi sallama, na nuna zare. Inna Talatu ta shiga ta fito riƙe da hannun wata yarinya mai tsaga biyu a kumatu, da moɗa mai jan zare a hannunta, ta ce ga ta nan. Na dubi yarinya, yarinya ta dube ni. Ban taɓa ganinta ba a duniya. Na ce ba ita ba ce. Inna Talatu ta karɓi zarena ta kara da na moɗar, ta nuna mini sun yi daidai, ta ce ita ce mana. Na sake cewa ba ita ba ce. Sai ta yi dariya, ta ce haka iyaye maza suke, ba su san 'ya'yansu ba sai an nuna musu. Subhanallahi! Ana miƙo mini 'yar mutane, ana kuma yi mini gardama a kan ban san tawa ba. Da wani na aiko wanda bai san fuskarta ba, da ya ɗauko wannan ya kawo mana gida, kowa ya ce aiki ya yi kyau.

Na uku, wannan laifina ne, ba zan ɓoye shi ba. Da Inna Talatu ta ga na tsaya kai da fata, sai ta ce to in faɗi sunan yarinyar. Uwargida, na san ke ba 'yar ƙasar nan ba ce, bari in gaya miki abin da kowa a Fagge ya sani. Yarinyar nan 'yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya cewa nawa ne. Kunya ce, da ita aka rene mu. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan Yaya Modu ba. Shekara huɗu sunan yarinyar nan bai taɓa fita daga bakina ba. Na buɗe baki a ƙofar makarantarki, ga mata masu ɗaukar yara sun kewaye ni suna kallo, sai na shiga kewaye-kewaye. Na ce yarinyar da Gwaggo Yagana ke kawowa. Na ce mai kitso uku. Na ce ta gidan su Modu. Inna Talatu ta ƙara zargina, har ta ja waccan yarinyar bayanta, tana ganin ko ɓarawon yara ne. Ban san minti nawa na ɓata a haka ba, amma na san na ɓata, kuma na san abin da suka kusa jawo mini. Sai dai ina tambaya: ko da na faɗi sunan, a wane littafi za a duba? Ke kuma ba kya nan. An ce kin fita tun hantsi, ba wanda ya san inda kika tafi.

Na huɗu. Wata mata cikin masu jira ce ta durƙusa ta tambayi yarinyar sunanta. Ta ce Muniratu. Matar ta ce ai wannan 'yar Iya Muniratu ce, Bayarabiya mai sayar da atamfa a cikin kasuwa, kuma zarensu kore ne, ta sha ganinsa. Nan Inna Talatu ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce ai mai koren zare an ɗauke ta tun kafin rana ta take. Wata baƙuwa ce ta zo da ƙunshin kaya a ka, ta nuna kore, ta ce sauri take kada jirgin ƙasa ya tafi ya bar su.

Jirgi! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ɗora Muniratu a kan keke, muka shiga kasuwa, Inna Talatu na biye da mu da gudu. Ka ji ikon Allah, ni da ban taɓa ɗaukar tawa a gaban jama'a ba, ga ni rungume da 'yar wani a tsakiyar kasuwar Sabon Gari. Muka iske Iya Muniratu zaune a rumfarta, idanunta jajur, ko kaya ba ta baje ba. Ashe kuka ta wuni yi, don a saninta 'yarta ta tafi. Da ta ɗaga kai ta ga Muniratu a hannuna, ta yi wata ƙara da har yau nake ji a kunnena. A tsaitsaye ta ba ni labari. Kakar Muniratu ce a Offa ta nemi a kawo mata ita riƙo, aka turo ƙanwar Iya ta zo ɗauka. Ƙanwar rabonta da yarinyar tun tana goye. Iya kuwa ta san in a gabanta za a rabu, yarinya za ta maƙale mata, ita ma ba za ta iya saki ba. Shi ya sa ta ba ƙanwar koren zare, ta ce ta bi ta makaranta ta ɗauke ta, su wuce tasha kai tsaye. Su kuma yaran, wajen shan kunu, sun yi musayar moɗa. Iyakar abin ke nan. Wasan yara biyu ya isa ya aika da 'yar Fagge ƙasar Yarabawa.

Na biyar. Iya Muniratu ta bar rumfarta a buɗe, ta goya 'yarta, ta bi ni ba takalmi. Na riga ta isa tasha. Jirgin Ikko na tsaye yana huci, an gama loda kaya, mutane na ta ban kwana ta taga. Na jefar da keke ban ko kulle shi ba. Na bi tarago ɗaya bayan ɗaya ina leƙe, ban san fuskar matar da nake nema ba, ban san sunanta ba. A tarago na huɗu na hango ƙeyar yarinya mai kitso uku, an zaunar da ita a kan ƙunshin kaya, ta ba taga baya. Mutane sun cushe ƙofa, ba hanyar shiga. Uwargida, a nan kunya ta ƙare. Na ɗaga murya na kira sunanta, a gaban 'yan dako da fasinjoji da 'yan doka. Na kira sau uku. Ba ta waiwayo ba. Ba don ba ta ji ba, taga a buɗe take. Ba ta taɓa jin sunan nan da muryata ba, ba ta san da ita nake ba.

Iya ce ta iso tana haki, ta ƙwala wa ƙanwarta kira da Yarabanci, ta ɗaga Muniratu sama ta nuna mata. Ta taga aka miƙo mini yarinyar. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta jiƙa kayanta, koriyar moɗar na nan a hannunta ta ƙi saki. Baiwar Allah ƙanwar Iya ta zauna a ƙasa tana rantsuwa. Ta ce yarinya ta yi ta kuka tun daga makaranta, amma wane yaro ne za a raba da uwarsa bai yi kuka ba? Ta ce ta yi mata Yarabanci ba ta amsa ba, sai ta ɗauka haka 'ya'yan Kano suke, Hausa ta cinye su. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, zare aka ce ta nuna, ta nuna. Muna tsaye a wurin jirgin ya yi kuka ya ja. Bai fi lokacin shan ruwa da sauke yarinyar ba.

Ki tsaya ki yi tunanin wannan, don ni kullum sai na yi. Da tayar kekena ta yi faci a hanya fa? Da Gwaggo ta ce bari ƙafa ta lafa zuwa la'asar? Yarinya 'yar shekara huɗu, ba ta jin yaren, ba ta san sunan unguwarsu da kyau ba. In an tambaye ta sunan ubanta, Baba kawai za ta ce.

Na shida, kuma wannan ya fi ba ni mamaki a kan duk na baya. Washegari na zauna a shago ina jiran ki, ko ki aiko a kira ni. Ba ki zo ba. Ranar Juma'a aka kawo mini ƙunshin biskit da saƙon baka, wai Madam na gaisuwa, wai a yi haƙuri, tun da an ga yarinya ai ba abin da ya faru. Ba abin da ya faru! Na juya maganar nan a raina har na rasa inda zan ajiye ta. Biskit ɗin yana nan a kan kabad, ba wanda ya taɓa. Sannan ranar Litinin na tambayi maƙwabcina da ɗansa ke wurinku ko an sauya tsari. Ya ce an sauya. Yanzu an daina ɗaura zaren a moɗa, a wuyan hannun yaro ake ɗaurawa. Haba Uwargida! Haba! Zaren dai?

Ga halin da gidana ke ciki, don ki san ba biskit ne maganinsa ba. Mai ɗakina ta rantse yarinyar ba za ta sake tsallaka titin Sabon Gari ba, ko tsakar gida ta fita sai ta bi ta da ido. Gwaggo Yagana ta ɗora wa kanta laifi, tana cewa ƙafarta ce ta jawo, abinci ma sai an lallashe ta. Yaya Modu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zo shago ya zauna, ya ce shi ba zai ce komai ba, amma in sani akwai 'yan mata uku ƙanana a gidan nan bayan wannan, kuma maganar boko a kansu ta mutu. Iyaye da yawa a layinmu sun zo sun tambaye ni ko su cire nasu. Na ce su dakata tukuna.

Ita kuwa yarinyar, in jirgi ya yi kuka daga tasha, sai ta saki abin da ke hannunta ta shige ƙarƙashin gado. Amma duk safiya sai ta ɗauko 'yar rigar makarantarta ta kai wa Gwaggo, tana tambaya yau za a je? Jiya na ji ta a zaure ta jera duwatsu tana koya musu ƙirga. In na cire ta, na yanke mata abin da take so, na kuma rufe wa ƙannenta ƙofa har abada. In na mayar da ita a haka, ban san tashar da zan je nemanta nan gaba ba. Tsakanin waɗannan biyun kika ajiye ni, kuma ina jin haushin hakan ƙwarai.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, a gaban duk wanda zai karanta wannan takarda.

Ɗaya, a yi littafi. Sunan yaro, sunan ubansa, unguwarsu, da sunan wanda aka yarda ya ɗauke shi. A ajiye shi a bakin ƙofa a hannun wanda ya iya karatu.

Biyu, duk baƙuwar fuskar da ta zo ɗaukar yaro, ko da zaren alharini ta zo, kada a ba ta sai uba ko uwa ko wanda ya saba kawo yaron ya tabbatar. In sauri take, ta yi ta saurinta ita kaɗai.

Uku, lokacin tashi ya zama kina nan, ko wani babba da zai iya yanke magana.

Huɗu, na ji ana cewa za a sallami Inna Talatu. Kada a yi. Abin da aka koya mata ta yi, kuma ita kaɗai ce daga makarantarki ta bi ni da gudu cikin rana, ita kaɗai ta zo har gida ta durƙusa wa mai ɗakina tana hawaye. A koya mata sunayen yaran da fuskokinsu, tana da hankalin da za ta riƙe. Wanda ya ƙirƙiro zaren shi ya kamata ya amsa tambaya.

Biyar, ki tara iyaye ki gaya musu abin da ya faru da bakinki. Matan da ba sa fita kuma ki shiga gidajensu, ki fara da nawa. Mai ɗakina ce za ki shawo kanta, ba ni ba.

Ni ma ga nawa. Duk yaron da ke makarantarki, a kawo mini rigarsa shago, zan ɗinka masa sunansa a ƙirji da zaren da ba ya zuba, ba na son ko anini. Iya Muniratu ta ce ita za ta ba da ƙyallen. Ta fasa aika 'yarta Offa, kuma ita ma ta ajiye ta a gida tana jiran abin da za ki ce.

Zan jira amsarki zuwa ƙarshen watan nan. In an yi waɗannan, ni da kaina zan riƙo hannun yarinyar in kawo ta, in kuma riƙa zuwa ɗaukarta, duk mai dariya a Fagge ya yi. In ba a yi ba, na cire ta, kuma duk uban da ya sake tambayata zan gaya masa ya cire nasa.

Allah ya ba ki ikon riƙe amanar da aka damƙa miki, ya tsare yaran da ke hannunki, ya sa kada wata uwa ko wani uba ya ga irin ranar da na gani. Allah ya sa ki karanta wannan da zuciyar gyara.

Saura abu ɗaya. Na riga na ɗinka riga ta farko, tana nan rataye a shagona inda kowa ke gani. Na san dattawan unguwarmu za su ce Bukar ya zubar da kunya a jarida. Sun yi gaskiya, a tasha na zubar da ita, kuma ban koma nema ba. In kin buɗe littafin nan, ki fara da wannan layi. Sunanta Falmata. 'Yata ce. Tun ranar Larabar nake kiranta safe da yamma, shekaranjiya ta fara waiwayowa.

Wassalam.

Ni ne,
Bukar Tela, mahaifin Falmata,
Fagge, Kano.